Littafin Kaboyi a Ɗakin Inna

Yanzu kwando ne ke zuwa mini kasuwa. In ɗaure shi da igiya in zura ta baranda, mai shagon ƙasa ya sa burodi da dafaffen wake da ɗan ganyen shayi, ya ɗaga kai ya ce, "Tamam, ya Hag?" In ce masa tamam, wato daidai, in jawo abina. Benen da nake ciki a unguwar Faisal, a nan Masar, dogo ne, ni kuma ina can kusa da ƙololuwa, ba lif, gwiwoyina kuwa sun daɗe da yin yaji, na yi biko har na gaji. Idan na leƙa ba abin da nake gani sai bangon maƙwabta, ga shi nan kusa har ina ganin maɓallan rigunan da suka shanya, sai ɗan guntun sama kamar ƙyallen da tela ya rage. Ƙara kuwa ba a magana. Yaran mota na ta kiran unguwanni a bakin babban titi, masu keken tuktuk na sakin kiɗa, mai tukunyar gas na buga ƙarfe tun da safe. Duk ina jin su, amma rabon da in taka ƙasar da suke takawa har na manta. Kwanan baya 'yata za ta Darrasa, unguwar da muka zauna muna ɗalibai, na ce ta duba mini ko rumfar wani tsoho mai sayar da tsofaffin littattafai tana nan. Ba shi nake tambaya ba, shi na san ƙasa ta daɗe da rufe masa ido, rumfar dai. Ta dawo ta ce, "Baba, wurin da ka kwatanta rigunan waya ake sayarwa." Na ce to, madalla. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Ba haka na san Darrasa ba. Mun zo ne muna samari, an turo mu karatun addini, kowa da akwatinsa na ƙarfe da addu'ar mutanen garinsu a bayansa. Ɗakinmu a kan rufin wani tsohon gida yake, tsakanin akurkin tattabarun mai gidan da igiyoyin shanya. Da asuba kiran salla ta ko'ina yake taso mana, wannan ladani bai sauke ba wancan ya ɗauka, har ka rasa wanda za ka amsa wa. Da hantsi mai sayen tsofaffin kaya ya ratso lungu da amalankensa yana jan murya, mu kuwa muna kan tabarma muna fama da nahawu, kai na ciwo. Girki bi da bi muke yi. Ranar da muka gano cewa mulukiyar nan da Misirawa ke ta kurantawa ba komai ba ce illa lalon da ke fitowa a bayan gidanmu, wallahi mun yi dariya har da riƙe ciki. Muka tuƙa tuwon garin alkama muka kwarara ta a kai, muka sa hannu, sai kuma kowa ya tuna gida, ba mai kallon wani. Ranar Alhamis bayan la'asar kuwa ta wanki ce. A jera bokitai a kan rufi, a tuɓe riguna, ni a ɗauke mini nawa wankin, don ni ne mai karatun kaboyi.

Wasu 'yan ƙananan littattafai ne da ke shiga aljihu, an fassara su da Larabci, takardar duk ta yi ɗorawa, kowanne da lambarsa a jere. Na fara sayensu ne wai don in gyara Larabcina, haka dai na gaya wa kaina. Tsohon nan mai rumfa yakan miƙo mini yana murmushi ya ce, "Ya ibni, wannan ba ya kai mutum Aljanna, amma yana kai shi la'asar." A bangon kowanne akwai wani dogon mutum da faffaɗar hula, da tauraron ƙarfe a ƙirji, da bindiga a hannu, wani lokacin har da mace ba ɗankwali ta rirriƙe shi. Ina za ka shiga da wannan cikin 'yan karatun addini? Akwai wani dattijon ɗalibi a cikinmu wanda ko dariya ka yi da ƙarfi sai ya jawo maka hadisi. Saboda haka duk wanda na saya sai in naɗe bangonsa da takardar buhun sukari, ya saje da sauran littattafanmu, don su ma haka muke naɗe su kada su yi datti.

Sunan jarumin na Turanci ya ƙi zama a bakinmu, sai muka raɗa masa Mai Tauraro. Ɗan doka ne a wasu garuruwan bakin daji na Amurka, inda ba sarki ba alƙali, sai shanu da gidan giya da ɓarayi. Kowane littafi labarin kusan iri ɗaya ne, amma mu ina ruwanmu. Zai shigo gari a kan dokinsa, ya tarar wani mai garke ya danne talakawa ya tare musu rijiya, a yi ta kai-komo, a yi harbe-harbe, ya kama na kamawa. Ina karantawa da Larabci a zuci ina zubo musu da Hausa, ina ƙara gishiri inda ya yi lami. Ɓarayin shanu dai ai ba baƙinmu ba ne, rigimar rijiya ma mun san ta. Akwai abokina wani ɗan Damagaram, mai babbar murya, shi ba ya iya jin labari a zaune. Sai ya miƙe da kumfar sabulu har gwiwar hannu yana cewa, "Kai, harbe shi mana! Me kake jira?" yana haɗawa da Faransancinsa, tattabaru su watse. Amma abin da ya fi kama mu duka shi ne ƙarshen. Mutanen gari su taru su roƙe shi ya zauna, ga gida, ga mata, ga albashi. Shi kuwa ya taɓa bakin hularsa, ya hau doki, ya yi gaba abinsa. Mu ma haka muka ɗauki kanmu. Mun zo, za mu gama abin da ya kawo mu, mu taɓa hula mu kama hanyar gida.

'Yan makarantar yanzu ba za su gane wannan ba, kuma ban ga laifinsu ba. Yaro yana tafe a titi yana kallon fuskar uwarsa a waya, tana tambayarsa me ya ci. Hutu ya zo ya hau jirgi ya je ya sha fura ya dawo. Mu a zamaninmu wanda ya tafi Masar ya tafi ke nan sai ya gama. Kuma ba a komawa hannu biyu. Sai da shahada, takardar gama karatu, sai da akwatin manyan littattafai wanda ƙarti za su ɗauka suna nishi, gari ya fito tarye a tasha, azumi na zuwa a shimfiɗa maka buzu ka yi tafsiri. Wanda ya koma ba shahada, har ya mutu ana nuna shi da baki. Labarin gida kuwa a kaset yake zuwa. In an samu mai tahowa, a tara 'yan gida a tsakar gida a kunna rikoda, kowa ya matso ya yi gaisuwa, kana jin kaji da turmi da kukan jariri a bayansu. Mu ma mu cika namu mu aika, a can kuma a sake taruwa, har da maƙwabta, a saurara.

Ni ɗan fari ne, mahaifina ya rasu tun kafin in taho. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗan fari, ko ido ba ta cika haɗawa da ni ba. Ranar da zan bar gida ma tana bakin murhu ta juya baya, abin da ta ce kawai, "Allah ya tsare." A kaset kowa sai ya yi surutunsa ya ƙoshi, sannan can a ƙarshe a ji muryarta ƙasa-ƙasa, ita ma ba da ni take magana kai tsaye ba. Wata rana ta ce, "A gaya wa yaron nan, in ya samu mai zuwa, ya aiko mini da wani abu daga cikin abin da yake karantawa, in ajiye don albarka." Iyakar abin da ta taɓa roƙona ke nan a duniya. Na je na sayi ɗan littafin addu'o'in safe da yamma, mai kyan bugu, na naɗe shi da takardar buhun sukari kamar sauran, na ajiye a kan taga ina jiran mai tafiya.

Mai tafiyar abokina ne ɗan Damagaram. Shekarar ya gama, ni kuwa darasi guda ya kayar da ni, aka ce sai na maimaita. Garinmu yana kan hanyarsa, ya ce shi zai kai wa Inna hannu da hannu. A makon nan muna tsakiyar wani littafin Mai Tauraro, wanda ya fi duk na baya zafi. Ya kama ɗan mai garke ya kulle a ɗan kurkukunsa, mutanen uban suka zagaye ginin, 'yan gari kowa ya rufe ƙofarsa. Ruwa ya ƙare, harsashi saura kaɗan, ga mataimakinsa kwance da rauni. A nan magariba ta tsayar da mu ranar Alhamis, abokina yana ta magiya a ƙarasa masa kafin ya tafi, shirye-shirye suka hana. Ranar tafiya mai tasi yana ƙasa yana ta danna oda yana "Yalla! Yalla!", ni na ɗauki kan akwati ina gangara matakala da baya, na ɗaga murya na ce masa, "Ɗauko ɗan littafin nan na kan taga, na Inna!" Ya ɗauko, ya ƙulle a ƙyalle tare da carbi da turare, muka rungumi juna a bakin lungu, ya tafi.

Alhamis ta zagayo, aka jera bokitai, na ɗauko littafi daga kan taga na gyara murya na buɗe. Addu'ar tashi daga barci na gani. Na juya shafi, addu'ar shiga kasuwa. Sai da na duba bango da baya kafin abin ya shige ni. 'Yan ɗaki da suka gane, wani har ya kifar da bokitinsa don dariya, wai Mai Tauraro ya riga mu zuwa gida. Ni dai ban yi dariya ba. Na yi ta fatan ko abokina ya duba a hanya, ko wani malami a gida ya buɗe ya yar a ɓoye ya rufa mini asiri. Ina! Da kaset na gaba ya zo, can a ƙarshe sai ga muryar Inna, kuma ban taɓa jin ta da daɗi haka ba. Ta ce, "A gaya masa saƙo ya iso. Na kai wa baduku ya ɗinke shi cikin fata, yana nan rataye a kan gadona. Ban bari kowa ya buɗe ba, sai mai shi ya zo ya karanta mana da bakinsa."

To, ta ina zan gyara? In faɗa a kaset, a kunna a tsakar gida gaban maƙwabta, a ji abin da ɗan Masar ya aiko wa uwarsa don albarka? In ba wani saƙon baka, kafin ya kai ƙofar gidanmu ya kai kasuwa. Na ce bari kawai, baɗi in na je da kaina sai in musanya a ɓoye, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Na koma wurin tsohon mai rumfa neman wani kwafin, ko don in san yadda aka ƙare, ya ce gobe in sha Allahu. Na bi rumfunan tsofaffin littattafai na garin nan kaf, ana samun na gabansa, ana samun na bayansa, wannan lambar dai kamar ƙasa ta haɗiye ta.

Baɗi ta zo, darasin ya sake kayar da ni, tallafin karatu ya tsaya. Na fara raka 'yan kasuwarmu da marasa lafiya ina yi musu tafinta, wai kafin in sake zama jarrabawa. Ashe aikin da na koya a kan rufi ke nan ban sani ba, ɗauko magana daga Larabci in sauke ta da Hausa. Likita ya faɗi mai ɗaci, in rage mata ɗaci kafin in miƙa. Ana haka na auri wata baiwar Allah cikin Hausawan Sudan, aka haifi 'yata, jarrabawa ta zama labari. Kowane kaset na aika sai na ce baɗi. Ba ƙarya nake yi ba, Allah ya sani, har raina nake nufi. Amma in na tuna tasha, da mutanen da za su fito tarye, da buzun tafsiri, da akwatin da babu, sai in fasa. Sau da yawa ina zaune a bencin asibiti ina jiran a kira mara lafiyata, sai in tsinci kaina ina nema wa Mai Tauraro hanyar fita. Yau in haƙa masa rami ta ƙarƙashin bango, gobe in kawo masa sojoji daga wani gari, jibi in sa 'yan garin su ji kunya su fito. Ba wadda ta zauna mini. Har aka aiko cewa Inna ta rasu, yana nan a kulle, ni ma ina nan.

Watan jiya autarmu ta zo aikin ido. Na bar ta tana tatata, ga ta yanzu Hajiya guda da jikoki. 'Yata ce ta yi ta kai ta asibiti, da aka sallame ta ta ce sai ta zo ta gan ni. Tun daga matakala nake jin ta tana haki tana salati. Ta shigo da bandeji a ido ɗaya ta ce, "Yaya, kai da tattabaru kuke haya?" Muka gaisa, muka yi kuka, muka ci tuwo da lalo. Sannan ta jawo jaka ta fito da wani abu ta ɗora mini a cinya. Jar fata ce da, ta koma baƙa, an ɗinke ta ruf kamar laya, amma wuri guda a tsakiya ya goge yana ƙyalli. Ta ce, "Nan take ɗora hannu. Kullum in ta idar da sallar asuba sai ta miƙa hannu ta dafa, bakinta na motsi. Ba ta taɓa faɗin abin da take roƙo ba, amma wa bai sani ba? Da ciwo ya yi tsanani ta ce in bai zo ba a kai masa. Na ƙi ba kowa, na ce sai ni. Buɗe ka karanta mana, Yaya, in ji a madadinta."

Na so in yi dabara. Addu'o'in nan na haddace su, ita ba ta karanta Larabci, ga ido ɗaya a rufe. In buɗe in yi ta jero mata, ta shafa, a tashi lafiya. Na sa reza na farke ɗinkin, ga takardar buhun sukarin nan yadda na naɗe ta da hannuna, sai dai ta bushe, ina taɓawa ta ɓare. Mutumin ya fito da hularsa da tauraronsa. Auta ta matso da lafiyayyen idon ta ƙura masa, ta ce, "Yaya, wannan wane shehi ne da bindiga?"

Na gaya mata komai. Sai ta fashe da dariya, tana dukan cinya tana "Wayyo Inna! Wayyo Inna!", 'yata na roƙonta ta bari, likita ya hana hawaye ya taɓa idon. Daga dariyar ta zarce da kuka, ni ma na taya ta. Da ta lafa ta share hanci ta ce, "To ai sai ka karanta. Ni ban hau benen nan a banza ba."

Na sa tabarau na nemo inda muka tsaya. Na shiga zubo mata da Hausa, har da gishirin. Ban ankara ba na ji Auta na cewa, "Harbe shi mana!" Ashe abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, 'yan shafuka ne. Ba rami, ba sojoji, ba wanda ya zo. Gari na wayewa ya zare sakata, ya tura ɗan mai garke a gaba, ya fito tsakiyar titi. Aka yi harbi, aka same shi a kafaɗa, ya kayar da uban, sauran suka watse. 'Yan gari suka fito suna roƙo ya zauna, ya taɓa hula ya hau doki.

Auta ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

"Ƙofa kawai ya buɗe?"

"Ƙofa kawai."

Ta daɗe tana kallona da idon nan guda. Ta ce, "Yaya, jirgin da zai mai da ni akwai kujeru. Ba mai tambayarka shahada. Waɗanda za su tambaya duk sun mutu." Na fara kawo mata dalilai, kuma duk gaskiya ne. Takarduna sun daɗe da mutuwa, gwiwa ba ta saukar da ni ko ƙasan bene, kabarin matata yana nan, 'yata ba ta san ko'ina ba sai nan. Ina cikin jerowa sai na ji bakina ya ce, "Bari dai mu ga baɗi." Ta ce, "Haka ka ce a kaset."

Kafin ranar tafiyarta na nemi babbar allura na mai da shi cikin fatarsa na ɗinke, ɗinkin dai na wanda bai iya ba. Da ta zo sallama na ce ta koma da shi ta rataye inda yake. Ta ce ɗakin Inna an daɗe da rushe shi, shago ne yanzu a wurin, kuma ita amana ta kawo ta sauke. Ta ajiye shi a kan kujera ta fita. Na raka ta iyakar bakin matakala, ina jin takunta yana nisa hawa bayan hawa. Sai na koma na ɗauko shi na sa a kwando, na fita baranda na zura. Tana fitowa titi ya sauka a gabanta yana lilo. Ta ɗaga kai, ta daɗe tana nemana cikin shanyar mutane, ban sani ba ko ta gan ni. Ta sa hannu ta ɗauka, ta dafa wurin nan mai ƙyalli, ta tura a jaka, ta shiga mota.

Zuwansa gida na biyu ke nan. Na jawo kwandon, ba nauyi, na naɗe igiyar na rataye a ƙusarta.